Ƙarangiya Kashi na Biyu

Ku da kuke zuwa nan kuna cewa in koya muku fassarar fim a yini guda, ku gyara zama. Kun ga mutum a inuwa riƙe da mikro yana surutu, jama'a na dariya, sai kuka ce ai wannan ko aku zai iya. Ɗayanku ma ya ce mini shi a salularsa yake yin abinsa, ya ɗora murya ya tura wa abokai. Madalla. Amma salula ba ta jifa da takalmi, kuma ba ta zuwa kallo da sanda. Ni ne Idi, wanda duk Dogondutsi ke kira Tumbi, kuma kafin ku tashi za ku ji inda na samo sunan.

Aikin farko da Baba Gado ya ba ni shi ne riƙon maɓallin murya. Baba Gado shi ne mai rumfar kallon nan ta bayan kasuwa, mutumin Dumega ne, ya yi ƙuruciyarsa yana dako a bakin teku, can ya tsinto faransancinsa. Shi ke zama kan kujerar ƙarfe da mikro a hannu, an sa wa mikron tsohuwar safa don kada numfashi ya riƙa buga shi. Ni kuwa ina tsugune a gefensa da yatsa biyu kan maɓalli. Zai buɗe baki, in danne muryar mutanen fim. Ya rufe, in sake ta don a ji kiɗa da ƙarar naushi. Ba farin ƙyallen da majigi ke haskawa nake kallo ba, haɓarsa nake kallo. In na makara, hularsa ce za ta sauka a ƙeyata, kuma ba zai katse maganarsa ba. Na yi shekaru a tsugunen nan ban ce uffan a mikro ba.

Wanke bujin gurup, wato fulogin janareta, shi ne na biyu. Gurup ɗin nan mai ba mu wuta tsoho ne, yana da fushi, kuma ya fi son mutuwa daidai lokacin da jarumi ya ɗaga hannu zai mari azzalumi. Sai na koyi shinshinar isansi, wato fetur, kafin in zuba, don wanda aka gauraya da ruwa ya sha kunyata mu. Na koyi ɗaure bafil, wato lasifika, a kan ginshiƙi ta yadda na baya zai ji, na gaba kuma ba zai kurmance ba. Na koyi lulluɓe rumfa da tamfol har rana ta rasa ƙofar shiga, domin mu bayan la'asar muke kallo. Baba ya ce mutanen ƙauye suna da hanya a gabansu, kuma ba ya son a ce rumfarsa ta hana wani magariba. Zafin da ke cikin tamfol ɗin nan sai wanda ya shiga.

Ainihin sana'ar kuwa da hantsi ake yin ta, babu kowa. Duk fim ɗin da ya zo, sai Baba ya zauna ya kalle shi tun daga fari har ƙarshe, ya koma ya sake. Rabin abin da suke faɗi ba ya ji, amma yana karanta ido da kafaɗa. A nan yake raɗa wa kowa suna, ya zaɓa masa murya, ya san inda zai sa barkwanci da inda zai yi shiru. Ya mayar da birnin Turawa Dutsi, ya mayar da babban kantinsu rumfar wani mai tsada da kowa ya sani. Wata rana na ce masa, tunda ba wanda ke jin harshen, ai ko me muka ce ya zauna. Ya juyo ya dube ni.

"Idi, suna namu na, barkwanci namu na," in ji shi. "Amma wanda yam mutu ya mutu, wanda yar rayu ya rayu. Nan ba mu da hannu. Ran da kay yi ƙarya nan, ko gaisuwa kay yi ba a yarda."

Masu kallonmu iri-iri ne: 'yan kabukabu, masu dako, 'yan kasuwar ƙauye, 'yan lakwal da suka sulale daga aji. Amma uku za ku riƙe. Akwai Jabbo, Bafulatani makiyayi, dogo, ba ya rabuwa da sandarsa. In yana gari, gindin ginshiƙin tsakiya nasa ne, ba mai zama. Ni Ba'are ne, tsakanina da shi wasan Ba'are da Bafulatani ne, ba ya kirana da suna sai "kai Ba'are". Akwai Inna Tamo, tsohuwa 'yar Lugu mai sayar da gujiya a ƙofar rumfa, ba ta taɓa shiga ciki ba, amma ta cikin tamfol ta haddace kowane fim. Sai Nasiru, wanda ya girma a rumfar nan, daga baya ya aje gemu, ya buɗe shagon salula, ya ce kallo ɓata lokaci ne. Duk da haka wajensa nake karɓo sababbin finafinai, kuma bai taɓa fasa gaishe ni ba.

Fim ɗin da ya fi kowane cika mana rumfa shi ne na wani jarumi mai jar riga da abin rufe fuska, wanda ke tsalle daga soro zuwa soro yana kama mugaye. Baba ya raɗa masa Ƙarangiya, wai in ya maƙale wa mutum ba ya saki. Jarumin yana da wani mai yi masa tuƙi, gajere mai ciki, matsoraci, kullum yana baya yana haki da jaka. Shi Baba ya sa wa Tumbi, ya ba shi wata siririyar murya. To ni ma ina da ciki, kuma kullum ina bayan Baba da jarkar isansi. Ba sai na faɗa muku abin da ya biyo baya ba. Sannan muna da al'ada: da zarar jarumi ya rufe fuskarsa, Baba zai miƙe ya ce, "Ƙarangiya mai kama wandon azzalumi!" Rumfa gaba ɗaya ta amsa, "Ba saki!" Har masu awo a kasuwa suna jin amshin nan. Wasu ma don shi kaɗai suke zuwa.

Sai mummunar shekara ta zo. Salula ta cika gari, kowa na kallon fim mai fassara a tafin hannunsa, benci ya fara zama wayam. Ruwa ya makara, mutane suka shiga tunanin hatsi. Ana cikin haka maƙogwaron Baba ya kama ciwo, muryar nan ta koma kamar ana jan buhu a ƙasa. Ya ce zai je gida Dumega ya huta. A tsakiyar damina labari ya iso cewa Allah ya yi masa rasuwa. Kafin mu samu hanya, saboda ruwa ya yanke ta, an riga an binne shi. Mu kaɗan muka je gaisuwa. Na dawo na share rumfa, na jingina kujerarsa a kusurwa, na riƙa nuna ƙwallo, don ƙwallo ba ta neman mai fassara. Tsoron kujerar nan nake ji, gaskiya ke nan.

Da kaka ta yi, 'yan kwabbai suka shiga hannun mutane, sai tambaya ta taso ko'ina. An ji cewa kashi na biyu na Ƙarangiya ya fito. A masallaci a tambaye ni, wajen mai nama a tambaye ni. Na san wannan fim shi zai raba gardama: ko jama'a su karɓe ni a kujerar Baba, ko in kwance tamfol in koma gona, rumfar da ya kafa ta mutu a hannuna. Na je shagon Nasiru. Ya miƙo mini fim ɗin, amma bai saki ba.

"Tonton, ka san mutumen ya rasu?" in ji shi. "Mai hitowa a Ƙarangiya. Ba cikin fim ba, da gaske. Ciwo yay yi, se fini, shi ke nan. Kuma masu fim sun ƙi sa wani madadinai."

"To wa ka rufe fuska?"

"Je ka gani da idonka."

Da hantsi na zauna ni kaɗai na kalla, kamar yadda aka koya mini. Fim ya buɗe da mutane a zaune jugum, jar rigar nan a ninke a tsakiyarsu. Na ce to, dabara ce, jarumi ai ba ya mutuwa, a tsakiya zai ɓullo. Tsakiya ta wuce, mugaye na cin karensu, bai ɓullo ba. Can wajen ƙarshe wani ya sa hannu ya ɗauki abin rufe fuskar. Da na ga ko wane ne, sai da na tsayar da fim na fita na sha iska. Tumbi ne, mai haki da jaka, wanda rumfata ta yi shekaru tana yi wa dariya.

Kashegari wani ɗan kabukabu ya ƙara mini tashin hankali. Ya ce a wata rumfa wajen Gesheme an nuna fim ɗin, jama'a suka jira jarumi har ƙarshe, da ba su gan shi ba suka ce jabu aka kawo musu, suka karya benci, suka yage ƙyalle. Ku da kuke da labarin duniya a aljihu ba za ku gane ba. Mutanenmu sun saba a harbi jarumi, a jefa shi rijiya, a yi masa kuka, sannan ya taso. Duk kukan da aka yi a farkon fim, su a wurinsu alamar zai dawo da ƙarfi ce. Sai wata dabara ta riƙa yi mini raɗa: fuska a rufe take, wa zai sani? In ce Ƙarangiya ne ya ɓoye, yanzu ya dawo. In aka ce ya yi ƙiba, in ce jinya ce. Na san abin da Baba ya ce, amma Baba ba shi ne zai tsaya gaban sanduna ba.

Ranar kasuwa da azahar ina ta zagayen rumfa, in ja tamfol nan, in gyara bencin da ba abin da ya same shi. Inna Tamo tana jera ƙullin gujiyarta tana kallona.

"Mi as same ka, ɗana? Kana ta kai da kawo kamar kazar da ƙwai ya matsa."

Na tsuguna na kwashe duka na faɗa mata, har da dabarar. Ta murza ɓawon gujiya ta hure.

"Mu can Lugu," in ji ta, "in mutumen da iska ka hawa ya mutu, ba mu ɓoye ma kowa. A bizne shi, a yi kuka nai har a ƙoshi. Bayan nan a zura ido a ga wa za ta zaɓa. Wani lokaci wanda anka raina ɗin na. Amma ba ta hawan kowa sai an yi kukan."

"Inna, in na ambaci iska nan ciki, su Nasiru sai su tada man rumfa."

"Wa yac ce ka ambata? Ni tambaya guda gare ni. Gado yat tahi, kunka share rumfa kunka sa ƙwallo. Wa yay yi kuka nai nan ciki?"

Na miƙe na koma cikin rumfa.

Bayan la'asar rumfa ta cika irin cikar da na manta da ita. Har Nasiru ya zo ya tsaya a bakin ƙofa da abokansa biyu, wai ya zo ganin yadda zan ƙare. Na jawo kujerar Baba daga kusurwa, na kaɗe ta, na zauna. Mikro a hannun dama, maɓalli a hagu. Na riga na kashe fitila na saki fim sai na ga wata doguwar inuwa ta shigo tana tsallake ƙafafun mutane, ta zauna gindin ginshiƙi. Jabbo ne. Tun farkon damina ya yi arewa da shanu, ranar nan ya shigo gari. Idona ya tsaya kan sandarsa.

Na fara magana. Muryata ta fito daga bafil siririya, ni kaina ban so ta ba.

"Wa ka magana?" in ji Jabbo da ƙarfi. "Kai Ba'are, koma wurin maɓallinka!"

Aka yi dariya, aka ce masa ya yi shiru. Kowa ya ɗauka tsiyar da ya saba ce. A kan ƙyalle mutane na kuka gaban jar riga. Wani daga baya ya ce, "Ku yi ta kuka, shina tasowa!" Rumfa ta ɗauki shewa. A nan ne dabarar nan ta zo mini har bakin leɓe. Kalma kaɗan ce, in ce ya ɓoye, kowa ya ji daɗi. Na dubi safar da ke kan mikro, tsohuwar safar Baba ce, har da ɗinkin da ya yi mata. Na miƙa hannu na tsayar da fim, na kunna fitila.

"Salamu alaikum, jama'a. Sanarwar rasuwa gare ni." Na gyara riƙon mikro. "Mutumen da ka hitowa a Ƙarangiya ya rasu. Ba cikin fim ba, nan duniya. Kukan ga da kuka gani na gaske na. Ba shi tasowa tsakiya, ba shi tasowa ƙarshe. Wanda yaz zo jira nai, kar shi jira."

Sai guna-guni ya tashi. Wani ya ce an cuce su. Wani ya buga benci da tafin hannu. Wani dattijo a gaba ya ce, "Allah sarki, Allah shi jiƙan..." Bai ƙarasa ba Nasiru ya ɗaga murya daga ƙofa.

"A'a, Baba, tsaya. Mun san addininai? Ba a yin addu'a haka nan da ka."

Nan fa aka rabu biyu, kowa na magana ba mai jin wani. Na fara auna nisan da ke tsakanina da majigi, in an taso in rungume shi. Sai Jabbo ya miƙe. Ya taho da sandarsa, mutane na janye ƙafa, har ya tsaya a kaina. Na ga ba ƙyalle yake kallo ba, kujerar yake kallo.

"Ba'are," in ji shi, kuma ba wasa a muryarsa. "Ni ban san wancan mutum ba. Ni wanda nis sani shi na mai magana cikin bakinai. Ina Baba?"

Sai a lokacin na gane ba wanda ya gaya masa. Mikro na kusa da bakina, ban tuna in kawar da shi ba, saboda haka amsar ta fita ta bafil har kasuwa.

"Baba Gado ya rasu, Jabbo. Tun damana, can Dumega."

Sannan ya kwantar da sandar a ƙasa, abin da ban taɓa gani ba, ya tsuguna gabana ya kama hannuna da hannu biyu.

"Idi, ina haƙuri?"

Ranar ce ya fara kiran sunana. Na ce haƙuri sai ma'abuci. Sai na ji muryar Nasiru ta matso ciki.

"Wanga kam mun san shi. Sahu guda munka yi salla da shi. Ku ɗaga hannu."

Shi ya ja addu'ar, aka shafa. Daga nan mutane suka riƙa tasowa benci-benci suna zuwa wurin kujera suna yi mini gaisuwa, kamar a zauren gidan mutuwa. Ƙattin 'yan dako suna share ido da hula. Inna Tamo ta ɗaga gefen tamfol, karo na farko ta leƙo da kanta ciki, ta yi gaisuwarta ta saki. Ni ma a nan na yi kukan da ban yi a Dumega ba.

Da aka natsu, wani ya ce to a ci gaba mana. Na kashe fitila na saki fim. Ban ba Tumbi siririyar muryar da Baba ya saba ba shi ba, na ba shi tawa. An ɗan yi dariya da ya faɗi a tsallen farko, na bar su suka yi. Amma duk tsawon fim ɗin hankalina na kan wuri guda, inda zai ɗauki abin rufe fuska. In na yi kirari aka yi shiru, shi ke nan, an yi wa Baba gaisuwa, an sallami rumfa.

Wurin ya zo. Ya sa hannu, ya ɗauka, ya rufe fuska, cikinsa ya turo jar rigar. Na danne muryar fim, na miƙe.

"Ƙarangiya mai kama wandon azzalumi!"

Ba wanda ya amsa. Sai daga gindin ginshiƙi wata murya ta ce, ba da ƙarfi ba, "Ba saki." Na sake yi. A karo na biyu masu awo a kasuwa sun ji.

Kada ku ce daga ranar komai ya gyaru. Har yau ranar kasuwa ina leƙa benci da faɗuwar gaba, salula kuma ba inda ta je. Amma rumfar ga ta nan a tsaye, ita ce kuke zaune ciki. Ranar, da aka watse, ina naɗe waya sai Jabbo ya tsaya a ƙofa, sanda a kafaɗa, yana ɓare gujiyar Inna Tamo.

"Kai Tumbi," in ji shi. "Muryakka ba ta kai ta Baba ba, ko rabi."

"Na sani."

"To. Kasuwa mai zuwa kab bari kowa shi zamna man gindin ginshiƙi."